Zanzana a Jikin Motar Rimot: Yadda Muka Bi Sawun Fentin da Ya Ƙi Kamawa a Garwa

A tsakiyar watan Janairu, lokacin da hazo ya sauka a birnin Garwa na arewacin Kamaru har wanda ke kan gadar Binuwai ba ya ganin tsallake da kyau, ɗan ƙanwata ya shigo rumfata da ke Yelwa riƙe da wani abu naɗe cikin tsohon zanen uwarsa. Bayan mun gaisa ya durƙusa ya kwance shi a gabana. Bodin motar rimot ne, irin ƙananan motocin tseren nan da ake sarrafawa daga nesa, masu girman kashi 1 cikin 10 na motar gaske. Tsawonsa kamar kamu guda. Yayansa da ke aiki a Duwala ne ya aiko masa da motar, da bodin garau kamar gilashi ba ko ɗigon fenti, da 'yar ƙaramar bindigar feshi wadda ake riƙe ta kamar biro, da kwalabe uku na fenti mai narkewa da ruwa: kore, fari da baƙi. Burin yaron motar ta fito da launin Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Garwa mai kore da fari, ya kai ta wani fili kusa da Rumde Ajiya inda yake haɗuwa da abokansa biyu ranar Lahadi.

"Kawu, fentin nan jabu ne," in ji shi, ido ya kawo ruwa. "Sau uku ina fesawa, kullum ƙara lalacewa yake yi."

Na fi shekara 20 ina fentin tankunan babura da allunan shaguna, kuma wannan magana na sha jin ta daga bakin yaran da na koya wa aiki. Da wuya ta zama gaskiya. Ruwa ba ya tsami banza, amma ba kasafai tsamin ke fitowa daga inda aka fara nuna yatsa ba. Mako uku muka yi muna bin sawun wannan ɓarna, shi ya sa na ga ya dace in rubuta ta daki-daki.

Bodin nan ba ƙarfe ba ne, ba kuma irin robar bokiti ba ce. Polikabonet sunan robar, masu harkar kuma sun fi saninta da Lexan, sunan da kamfanin General Electric na Amurka ya laƙaba mata bayan an gano ta a 1953. Ita ce a gilashin hular kwanon 'yan babur, ita ce kuma a faifan CD. Kaurin bodin bai wuce milimita 1 ba, ka lanƙwasa shi ya dawo yadda yake. Ta ciki ake fesa masa fenti, ba ta waje ba, robar ta zama ita ce ƙyallin, ita ce kuma garkuwa idan mota ta daki bango ko ta kife kan tsakuwa. Wannan kuwa juya aikin yake yi baki ɗaya. A tankin babur shafin ƙarshe ido ke gani, kuskuren farko ana iya binne shi a ƙarƙashi. A bodin motar rimot abin da ka fara fesawa shi ne zai fuskanci jama'a, kuma ba abin da za ka ɗora a bayansa ya ɓoye shi.

Na fita da shi bakin ƙofa na ɗaga ga haske. Mai kallon sauri zai ce ɓarna ɗaya ce, amma da na natsu sai na ga cuta huɗu a jiki ɗaya. Akwai ƙananan ramuka zagayayyu inda fentin ya ja da baya ya bar roba tsirara, kamar fuskar wanda ya yi zanzana. Suna warwatse ko'ina, amma sun fi taruwa a gefe-gefe. A cikin bonet fentin ya yi kaushi kamar samfefa, in ka goga yatsa sai gari ya biyo. Farin bai fito fari ba, ya yi dusu-dusu kamar rigar da aka wanke tare da koren zane. A bamban gaba kuma, inda motar ta taɓa dukan dakali sau ɗaya, fentin ya tsattsage yana zubowa kamar ɓawon ƙwai. Ƙura da 'yan zarurruka da suka maƙale a ciki kuwa ban ma tsaya ƙirga su ba.

A nan na tafka nawa kuskuren, kuma shi ya fi kowanne tsada. Na yi abin da hannu ya saba: na jiƙa tsumma da tina, irin wadda nake wanke babbar bindigata da ita, na goga ta ciki daidai ƙofar motar don in ga ko fentin zai fita. Fitar ya yi. Amma kafin minti ɗaya wurin ya yi fari fat kamar idon da yana ta rufe, da na ɗan lanƙwasa kuma sai ga tsaga ƙanana sun bazu. Tinar fentin mota tana ɗauke da asetan da tolwin da dangoginsu, kuma waɗannan cin polikabonet suke yi. Ba gyara bayan haka. Na faɗa wa yaron laifina ne, na kira yayansa a daren na ce ya nemo wani bodin, kuɗin daga aljihuna. Kaya daga Duwala sai sun hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare sannan su biyo mota, ga shi shi ma sai ya yi oda tukuna. Ya ce mu sa rai da mako uku.

Jiran nan shi ya zama alheri. Na sa almakashi na yayyanka bodin da ya mutu, duk inda fenti bai taɓa ba da ragowar robar da yaron ya yanke daga mazaunin tayoyi muka tara. Na kwaso tsofaffin faya-fayan CD daga kwali, tunda fuskarsu mai sheƙi polikabonet ce zalla. Kowane yanki muka sa masa lamba a baya, muka buɗe littafi. Sharaɗi ɗaya na kafa masa: a kowane gwaji abu guda za a canza. Yaron a baya kowane feshi yakan sake kaurin fenti, ya sake nisa, ya sake lokaci gaba ɗaya, don haka ko da ya dace ba zai san abin da ya sa ya dace ba.

Muka fara da zanzana, don ita ta fi muni. Fenti mai ruwa ba ya zama a kan maiƙo, guduwa yake yi ya bar rami. Tambayar ita ce daga ina maiƙon ya zo. Na ce masa, "Ɗana, iskar da kake feshi da ita, a ina kake samu?" Ashe ba a aiko masa da kwampiresa ba, ni kuma ina Marwa wajen wani aiki a lokacin, sai ya roƙi mai facin bakin layinsu ya jona masa tiyo. Muka tafi tare. Na gaida dattijon, na roƙe shi ya ba ni tiyon, na ɗauko farar takarda na hura mata iska na tsawon minti ɗaya daga nisan tafin hannu. Da na ɗaga ta ga rana, ga tabon mai nan ɗigo-ɗigo kamar takardar da aka naɗe ƙosai. Na ce, "Malam, yaushe rabon a zubar da ruwan tankin nan?" Ya ce tun da ya saye shi bai san akwai wurin zubarwa ba. Da muka kwance notin ƙasa, jan ruwa mai tsatsa haɗe da mai ya yi ta tsiyaya har ya kusa cika gwangwanin madara.

Ba laifinsa ba ne, taya ba ruwanta da ɗigon mai. Amma abin lura ne ga mai fenti. Kwampiresa mai fistin da ke aiki da man inji, idan ta tsufa, takan tura hayaƙin mai cikin tanki. Iskar da aka matse kuma zafi take yi, in ta huce sai danshin cikinta ya koma ruwa ya kwanta a ƙasa. Mutum zai ce ai hunturu ne, ina danshi? Ruwan da ya taru tun damina, tun watan Agusta, yana nan zaune yana jira. Shi ne kuma ya bayyana abin da yaron ya ba ni labari, cewa bindigar kan yi tari ta tofo manyan ɗigo ba zato.

Muka dawo da aikin rumfata, inda kwampiresata ke da matatar ruwa da mai da agogon daidaita iska. Tsohon tiyonsa na ce a jefar, don cikinsa ya riga ya sha mai, ko an wanke ba za a amince da shi ba. Bindigar muka kwance ta ɗaya bayan ɗaya, allura da baki da kofi, muka wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke. Gwajin takarda ya fito tas. Muka fesa kore a faifai uku, ba rami ko ɗaya. Yaron ya yi tsalle, ni ma na ɗauka magana ta ƙare.

Washegari ya fesa a yankin bodi, sai ga zanzana ta dawo. Ba ko'ina ba, a gefe kawai.

Wannan ya tsaya mini a rai kwana biyu. Iska ɗaya, fenti ɗaya, roba iri ɗaya, me ya bambanta faifai da yankin bodi? Na zargi man da masana'anta ke barin sa a jikin robar wajen cire ta daga mazubi, wanda shi ya sa kowane sabon bodi dole a wanke cikinsa da sabulu kafin a fesa, kuma yaron ya amsa cewa na farkon bai wanke ba. Muka wanke yanki biyu, muka shanya, ya fesa. Ramukan suka ragu a tsakiya, na gefe suna nan daram. Sai a rana ta uku na zauna ban taɓa komai ba, ina kallonsa yana shiri. Faifai yakan zura yatsa ne a ramin tsakiya ya riƙe. Yankin bodi kuwa babban yatsansa yake dannawa a ciki, daidai inda fenti zai sauka. Na karɓi yankin jiya na karkata shi ga haske: ramukan a jere suke cikin siffar kan yatsa, har da zanen fata. Na kama hannunsa na shafa. Santsi.

"Me ka shafa?"

"Basilin, Kawu. Inna ba ta barin kowa ya fita bai shafa ba."

Wane ne a Garwa ba ya shafa basilin ko man kaɗanya a watan Janairu? In ba ka shafa ba faso da kaushi su gama da kai. Na san abin nan a tankin babur, amma can tsumman tina na ƙarshe yakan share komai ba tare da na lura ba. A nan kuwa tina haramiyar aiki ce, don haka duk abin da yatsa ya bari yana nan. Takardar bayanin da ta zo da kayan ta ce a wanke bodi, kuma gaskiya ta faɗa, sai dai wanda ya rubuta ta bai yi zaman hunturu da mu ba. Maganin bai ci ko dala ba: a wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, a sa safar roba irin ta asibiti marar hoda, bayan an wanke bodi kuma kada yatsa ya sake shiga cikinsa, ta waje kawai za a riƙe, inda ledar kariya da bodin ke zuwa da ita take. Daga ranar ba mu sake ganin rami ba.

Kaushi shi ma ɗan hunturu ne. Fentin da ya fito daga bakin bindiga ɗigo ne ƙanana ƙwarai, kuma ana so su isa jikin roba da sauran laimarsu don su haɗu su kwanta. Yaron da tsakar rana yake feshi, a tsakar gida, kuma don tsoron kada fenti ya yi hawaye yakan ja baya har santimita 30. A busasshiyar iskar nan da wanki ke bushewa kafin a gama shanya, fentin tun a hanya yake mutuwa, gari ne ke sauka. Ga shi bai tsinka shi ba ko kaɗan, da kaurinsa kamar kindirmo yake tura shi ta allura mai milimita 0.3. Bakin yakan toshe, ya ƙara jan kunama, sai ta ɓalle ta watso.

A cikin akwatin bindigar akwai allura mai 0.5 da bakinta, bai taɓa buɗe su ba. Muka sa ita. Muka tsinka fentin da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, wanda ba asid a ciki, don ruwan rijiya yana da gishiri da laka. A namu fentin ɗigo 3 ga ɗigon ruwa 1 ya ba da abin da nake nema, wato kaurin madarar da aka tatso yanzu, wadda in ta gangara jikin kofi takan bar ɗan farin sawu. Ƙarfin iska muka tsayar a wajen bar 2 a ma'aunin agogon kwampiresa, nisa santimita 10 zuwa 15. Da gangan na sa shi ya zarce, don ya ga ɗayan ɓangaren da idonsa: ya ƙara ruwa ya matso kusa, fentin ya tarwatse kamar ƙafafun gizo-gizo. Gani ya kori ji. Lokaci kuma muka mayar da shi bayan sallar asuba, da zarar gari ya waye, kafin iska ta taso. Mukan yayyafa ruwa a ƙasa, mu rataya jiƙaƙƙen buhu a ƙofa, kuma duk bayan minti biyu a share kan allura da jiƙaƙƙiyar auduga, don fenti na bushewa a kanta ko da komai ya daidaita.

Ƙura ma a nan muka rage ta. Robar nan in ka goge ta da busasshen tsumma sai ta riƙa jan ƙura, kamar biron da yara ke gogawa a gashi ya ɗauki takarda, kuma a hunturu abin ya fi ƙarfi. Sai muka daina gogewa. In an wanke, a kife a ƙarƙashin kwali mai tsabta ya tsane da kansa.

Dushewar fari ba ta ɗauke mu ko minti biyar ba. Fari ya fara fesawa sannan kore a bayansa, koren ya hasko ta ciki. A wannan aiki mai duhu ke shiga gaba, mai haske ya biyo.

Saura tsattsagewa. Da na matsa masa da tambaya ya tuna cewa farinsa ya kusa ƙarewa, sai ya sayi gwangwanin feshi a babbar kasuwa ya rufe bayan da shi. Ya kawo gwangwanin, a jikinsa an rubuta na ƙarfe da katako ne. Irin wannan fenti in ya bushe ƙandarewa yake yi, bodi kuwa lanƙwasa ce rayuwarsa. Ko kamfanin Tamiya na Japan, wanda ya shahara a wannan harka, ya raba gwangwanayensa gida biyu: masu lambar PS na polikabonet ne, masu TS na roba mai tauri. Muka fesa yanki ɗaya da fentin kwalba, ɗaya da na kasuwa, muka bar su kwana biyu, sannan muka naɗe kowanne a jikin biro. Na kwalba ya bi robar lafiya lau. Na kasuwa ya yi ƙara ya fashe. Na kuma gwada karce roba sama-sama da soso mai laushi kafin feshi, na manna salatif na fizge: wanda aka karce ya fi riƙewa. Amma karcen yana ɗan nunawa ta waje, don haka na yanke shawarar a bamba kawai za mu yi, inda duka ke sauka.

Abu ɗaya da ban yi masa sassauci a kai ba shi ne takunkumi. Rashin wari ba ya nufin hazon fentin ba ya shiga huhu. Na ga abin da shekaru suka yi wa ƙirjin wasu abokan sana'ata, ba zan zuba ido ɗan ƙanwata ya fara da wannan sakaci ba.

Sabon bodi ya iso a farkon Fabrairu, da ƙarin kwalbar fari. Ranar Juma'a da yamma muka wanke shi, muka manna takardun rufe tagogi da suka zo da shi, muka ja layukan ado da salatif ɗin takarda, yaron yana bin kowane gefe da bayan farce cikin safa yana dannewa. Asabar da sassafe ya ɗauki bindiga, ni ina gefe ban sa hannu ba. Baƙi ya fara, siraran layuka biyu. Shafin farko na kowane launi ɗan hazo ne kawai, wanda da ƙyar ake ganinsa, don shi ke toshe bakin salatif ya kuma ba na gaba wurin kamawa. Kore shafi 4, minti 10 tsakani, kowane shafi ya ɗaga ga haske ya ga inda ya yi rauni. Kafin ya cire salatif yakan bi gefensa da sabuwar reza a hankali, sannan ya ja shi baya a kwance, don kada ya taso da fenti. Fari shafi 3, ya rufe har bayan koren, wanda ya sa koren ya ƙara fitowa shar. Kafin ƙarfe 9 an gama. Ya so ya kai shi rana ya bushe da wuri, na hana, don zafi na narkar da gam ɗin takardun tagogi ya bar danƙo. A inuwa ya kwana biyu cikin kwali.

Ranar Litinin ya ɓare ledar waje. Bai fito ba aibi ba. A kusurwar gilashin baya, inda salatif ya ɗan tattare, kore ya kutsa cikin fari kamar tsawon ƙwayar shinkafa, kuma akwai zare ɗaya a rufin da ban san ta inda ya shigo ba. In da za mu sake, a kusurwa zan sa a yanka salatif siriri a bi lanƙwasar da shi maimakon a tilasta mai faɗi. Amma ba rami, ba kaushi, farin kuma fari ne. Lahadin da ta biyo motar ta daki dutse da gudu ta wuntsila sau biyu. Ledar ba ta nan, don haka robar ta karce ta waje, fentin ciki kuwa ko gezau.

Na gaya masa ya bar shafuka a littafin, don abin da muka rubuta na hunturu ne. In damina ta sauka fenti zai daɗe bai bushe ba, matatar ruwa za ta riƙa cika, ƙila kuma a rage tsinkawa, sai mun sake gwaji a faifai. Makon jiya ɗaya daga cikin abokan nasa ya zo rumfar da nasa bodin, yana cewa an sayar masa da fentin banza. Ina cikin aikin wani tanki ban ɗago ba, na ji ɗan ƙanwata ya ce masa, "Tsaya tukuna, miƙo hannunka in gani."